'Yar Rafin Baba

Litinin 3 ga wata, 4:20 na yamma

An sallamo Baba daga asibiti yau, bayan kwana tara. Ɓarin dama ya tafi, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Likita ya ce yana ji, yana gane komai, magana ce kawai ta ƙi fita. Kalma ɗaya ta rage masa: to. Ka ce sannu, ya ce to. Ka tambaye shi ko zai zaga, to. Mutumin da na yi shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin ya ce wa kowa to ba.

Na rufe shagona, na kwaso keken ɗinki na kafa a falo. Ƙanena Auta yana can nesa wurin aikinsa, Gwaggo kuma gwiwa ta hana ta sakat. Saura ni. Kullum saura ni.

A bayan littafin awo nake wannan rubutu. Ba mai buɗe littafin awon tela.

Talata 4, 9:00 na safe

Ya ƙi kwana a ɗakinsa. Jiya ya yi ta dukan katifa da hannun hagu yana nuna ƙofar ɗakin aiki, to, to, to, har sai da na kira maƙwabci muka ciccibi gadon muka kai can.

Ɗakin bai canza ba. Akwatunan katako masu murfin gilashi tun daga ƙasa har sama, cike da asu, malam-buɗe-littafin dare, kowanne a soke da fil, fukafukai a baje, da 'yar takardarsa a ƙarƙashi. Warin kafur ya kama labule ya kama bango. Shekara talatin da uku ya yi a ɗakin ƙwari na kwaleji yana wanke kwalabe yana soke wa manya ƙwarinsu. Suka yi digiri a kansa suka wuce, shi ya fito da agogon bango da wannan ɗakin.

A kan tebur, daidai inda idonsa ke sauka in ya kwanta, akwai kejin raga. A ciki busassun ganye goma sha huɗu ne a naɗe kamar sigari, kowanne da lambarsa. Da ya gan su ya sauke ajiyar zuciya. Ni ma ina wurin a tsaye, da fo a hannu.

Laraba 5, 2:15 na rana

Gwaggo ta zo da sandarta. Ta yi kuka, ta fyace hanci, sannan ta hango kejin.

"Wai har yanzu ƙwarin nan? Me shara take yi a gaban mara lafiya?"

Ta kai hannu za ta ɗauke. Baba ya yi wani gurnani da ya sa ta ja da baya.

Na ce, "Bari, Gwaggo, da rai a ciki."

Sai na ji bakina yana zuba kamar an kunna rediyo. Cewa 'Yar Rafi yake kiranta. Cewa dangin asu ce masu tsutsar nan da ke tafiya tana lanƙwashewa kamar mai awon taƙi. Cewa littattafan manya sun haɗa ta da wata gama-gari da ke cika ƙwan lantarki a ko'ina, don kalarsu ɗaya, ruwan toka da ɗigo a fiffike, amma shi ya rantse ba ita ba ce. Gama-garin tsutsarta koriya ce, tana cin duk ganyen da ta samu. Ta Baba ruwan ƙasa ce, da 'yan ƙahonni biyu a gadon baya, kuma ganyen bishiya ɗaya tak take ci, wadda ke bakin rafin bayan gari. Duk duniyarta tafiyar awa ɗaya ce a ƙafa, gaɓa da gaɓa. In ta ƙoshi sai ta naɗe ganye ta ɗinke kanta a ciki, ta yi wata bakwai, sai ruwan farko ya sauka ta fito. Mako biyu a shekara ake ganinta. Namijin na zuwa wurin fitila, macen ba ta zuwa.

Gwaggo ta saki baki. "Ikon Allah. Ke ma ashe kin haddace."

Ban haddace ba. Cusa min aka yi.

Da za ta tafi ta tambaye ni ko ni na tsince shi ranar da ya faɗi. Na ce ni ce. Ta ce Allah ya yi min albarka da na zo a kan lokaci. Ban ce mata na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa a ƙasa ba. Ban san minti nawa ba.

Na sani.

Alhamis 6, 8:30 na safe

Bai buɗe baki ya karɓi cokali ba sai da na fesa wa ganyen ruwa.

Asabar 8, 6:00 na yamma

Auta ya kira. Na kara wa Baba wayar a kunne, ya ce to sau shida, hawaye na gangarowa ta ɓarin da ya mutu. Sannan Auta ya dawo kaina.

"Yaya, ki yi haƙuri da shi don Allah. Kin san halinsa, amma zuciyarsa fes take."

Na ce to. Ciwon ya fara kama ni.

Auta bai san komai ba. Awa biyu ya yi da Mama a duniya, ita ma ba ta cikin hayyacinta. Ni na goya shi, ni na bar makaranta. Ya tashi ya samu uba mai furfura mai raka shi kamun fara, ya ɗauka haka mutumin yake tun asali. 'Ya'ya uku Baba ya haifa: ni, da Auta, da 'Yar Rafi. Kowa ya san 'yar gaban goshi.

Litinin 10, 11:40 na safe

Mai motsa gaɓoɓi ya fara zuwa, Litinin da Alhamis da Lahadi. Mutum ne mai surutu, yana lanƙwasa ƙafar Baba yana ba shi labarin ƙwallo.

Bayan ya tafi na yi wa Baba wanka. Na daɗe riƙe da hannun damansa, ya yi sanyi ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da wannan hannun ya zane min yatsu da rula ina shekara tara, don na taɓa fiffiken wani asu garin ya goge a yatsana. Sau goma. Yana ƙirgawa a hankali, ba fushi a muryarsa. Bayan ya gama ya zaunar da ni ya koya min yadda ake baje fiffike ba tare da an taɓa shi ba. Shi ya sa yau duk unguwarmu babu mai dasa fil a yadi kamar ni.

Na ajiye masa kofin ruwa a kan kujera, ɗan nesa kaɗan da inda hannun hagu ke kaiwa. Kaɗan dai. Na koma kan keke. Ina jin yatsunsa suna karce katako.

Daga baya na ba shi.

Laraba 12, 1:00 na rana

Yau mun yi baƙuwa. Wata matashiyar Dakta daga kwalejin, siririya, da jakar goyo da takalmi duk taɓo. Baba na barci, na zaunar da ita a falo.

Ba ta iya zama ba don ɗoki. Ta ce bara Baba ya ba ta ƙafafun 'Yar Rafi guda biyar ta aika gwajin ƙwayar halitta a waje, shekaran jiya sakamako ya dawo.

"Anti, shi ne da gaskiya. Ba gama-garin ba ce, ko kusa. Wataƙila ma ba gidansu ɗaya ba. Shekara talatin suna yi masa dariya a sashenmu, wai mai wankin kwalba ya gano sabon asu. Sunansa za mu sa mata."

Ta ce abu ɗaya ya rage kafin a rubuta a duniya ta yarda: mace. Babu wanda ya taɓa ganin macen sai shi, kuma waɗanda ya adana ƙananan ƙwari sun shiga akwatin sun cinye. Ta je rafin da safen nan. Katafila ta share gaɓar gaba ɗaya, gada za a yi. Ba ta ga bishiyar ko ɗaya a tsaye ba.

"Goma sha huɗun nan da ke wurinsa, ina jin su kenan suka rage. Da su da littafin da yake rubuta rayuwarsu. Zan iya shiga in gaya masa? Minti ɗaya kawai."

Na ce likita ya hana duk abin da zai tayar masa da hankali, ko na daɗi ne. Likita bai ce haka ba. Na ce ni zan gaya masa a hankali, in na ga ya samu ƙarfi. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta yi godiya. Ta bar min lambarta, ta ce in kira ta da zarar ɗaya ta fito.

Laraba, 7:00 na yamma

Ban gaya masa ba. Ya gaji yau.

Alhamis 13, 5:30 na yamma

Ban gaya masa ba.

Juma'a 14, 3:10 na rana

Yana barci na jawo akwati na bakwai, na macen. Gaskiyar Dakta, babu komai sai gari a ƙasan gilashi da filoli a tsaye tsirara. Takardun na nan. Rubutunsa ƙanana kamar ƙwan tururuwa: wuri, rana, wata, shekara.

Fil na farko. Na san ranar tun kafin in karanta.

In zai tafi rafi kwaɗo yake sa wa ƙofar gida ta waje. Wai don tsaro. A ranar, Mama da tsohon cikin Auta ta ce masa tana jin bayanta, ya ce saura mako uku ai, ruwa kuma ya sauka jiya, in ya rasa wannan makon ya rasa shekara. Ya ɗauki babur. Na ji ƙarar kwaɗon.

Katangarmu akwai fasassun kwalabe a kanta, ta nan na haura neman taimako da naƙuda ta tashi. Tabon yana nan a cinyata.

Da hantsi washegari ya dawo, yana murmushi tun daga bakin layi, da kwalba a ɗage sama. Bai lura da mutanen da ke zaman makoki a ƙofar gida ba sai da ya zo dab.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da yamman ranar, gida cike da mutane, na leƙa ɗakin nan na same shi a sunkuye yana baje wa macen da ya kamo fiffike. Kada ta bushe.

Na mayar da akwatin wurinsa.

Asabar 15, 10:00 na safe

Na gaya masa.

Na yi masa wanka, na canza masa riga, na tada shi da filo biyu. Na jawo kujera na zauna kusa, na riƙe hannunsa mai rai.

"Baba, Dakta ta zo ran Laraba kana barci. Sakamakon ya dawo."

Idonsa ya buɗe. Yatsunsa suka damƙe nawa har na ji zafi.

"Ta ce gama-gari ce. Irin ta ƙwan lantarki. Ta ce ganyen da take ci ne kawai ya sauya wa tsutsar kala. Kunya ce ta hana ta shigowa. Ta ce a ba ka haƙuri."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. A hankali na faɗa, ba fushi.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya kalli kejin, ya kalli akwatunan, tun daga ƙasa har sama. Bakinsa ya yi ta motsi yana neman wata kalma, kowace iri. Ya yi ta nema. Daga ƙarshe wadda yake da ita ce ta fito.

"To."

Na gyara masa bargo, na koma na gama hannun rigar da zan kai ran Litinin. Ɗinkin ya fita tsaf.

Lahadi 16, 6:45 na safe

Na yi barci kamar jaririya.

Litinin 17, 12:30 na rana

Ya daina cin abinci. Cokali uku jiya, yau ko ɗaya. Ya juya fuska bango. Mai motsa gaɓoɓi ya ce jikin ya saki, kamar ba wanda ya gani ran Alhamis ba, ko wani abu ya faru? Na ce kewar ɗansa ce.

Ya daina nuna min kwalbar fesa. Jiya ban fesa ba, bai ko waiwayo ba. Yau da na shiga ɗauko fo sai na ga kwalbar a hannuna, ina fesawa, daga nesa kamar yadda ya koya min, kada ɗigo ya yi nauyi a kan ganye. Ban san wa nake yi wa ba.

Laraba 19, 5:00 na yamma

Ruwan farko ya sauka da azahar. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗakin. Na ga hancinsa ya motsa. Bai juyo ba.

Dakta ta kira sau biyu. A na biyu na ɗauka, na ce babu labari tukuna. Ta ce ya ya ji da na gaya masa? Na ce ya yi kuka.

Juma'a 21, 4:00 na yamma

Gwaggo ta zo ta same ni ina ɗura masa madara da ƙaramin cokali, ina riƙe da haɓarsa. Ta ce wa maƙwabciya a gabana samun 'ya irina sai an tona. Sannan da muka fito falo ta zuba min ido.

"Kin san duk cikinku ke ce shi sak? Ba kamar fuska nake nufi ba. Yadda kike yin abu shiru-shiru, a tsanake, ba kya ɗaga murya. Tun muna yara in ya kama ƙadangare ba ya jifa kamar sauran yara. Zama yake yi da shi."

Ta yi dariya. Yabo take nufi.

Na soke yatsana da allura bayan ta tafi. Shekara ta fi goma rabon da in soke yatsa.

Asabar 22, 6:50 na yamma

Ta farko ta fito. Lamba huɗu.

Ina share ɗakin na ji wani ɗan ƙas-ƙas. Ganyen ya tsage ta baki, wani abu jiƙaƙƙe ya rarrafo, fukafukai a cukuikuye kamar yadin da aka matse. Ya hau ragar ya rataye. A gaban idona fukafukan suka riƙa miƙewa, kamar ana yi musu guga daga ciki. Namiji ne, ƙahonninsa masu gashi kamar mataji.

Da na waiwaya Baba ya juyo. Kwana shida rabon da ya juyo. Yana kallo, numfashinsa na fita da sauri, fuskar nan ta koma ta mutumin da ya taho da kwalba a ɗage.

Na ce, "Ka ga irinsu biyu can a jikin ƙwan baranda. In kamo maka?"

Ya rufe ido.

Ban shirya faɗar haka ba. Fitowa ta yi.

Litinin 24, 7:15 na yamma

Sun zama biyar. Lamba tara mace ce. Ta fi su girma, ciki ya yi mata nauyi, ƙahonninta sirara kamar zare. Ba ta tashi, tana manne a kusurwa. A gefen fiffikenta na baya akwai wani jan layi siriri da mazan ba su da shi. Gama-garin ba ta da wannan, ko ni na sani.

Shi ma ya gani. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya sake kallonta. Amma takardar waje ta ce a'a, kuma duk rayuwarsa in masu digiri suka yi magana jikinsa sanyi yake yi, ko da bakinsa na musu.

Ya rame. Ƙashin wuyansa ya fito. Ya isa haka. Gobe in na dawo daga kai ɗinki zan gaya masa gaskiya, in kira Dakta. Kwana goma ya yi. Ni shekara ashirin da biyar na yi. Amma ya isa.

Talata 25, 3:30 na rana

Awa ɗaya da kwata na yi a waje. Na tsaya sayen zare.

Na same shi a ƙasa. Ya jawo kansa daga gado da hannu ɗaya, ya ja mayafin tebur har kejin ya faɗo. Ragar a yage. Ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ya murje da tafin hannu a kan siminti, waɗanda suka fito da waɗanda ba su fito ba. Ba gaggawa ya yi ba, an ga alama. Ya jera lambobin a gefe. Littafin rayuwarsu kuwa, mai baƙin bango, yana cikin bokitin wankansa da na bari, tawada ta narke ruwan ya koma shuɗi.

Yana kwance a gefensa yana haki. Tafin hannunsa ya yi toka-toka da garin fiffike.

Na ƙirga. Goma sha huɗu. Bai bar ko ɗaya ba.

Na durƙusa kusa da kansa. Na ce, "Baba."

Bai kalle ni ba.

"Baba, ƙarya na yi maka. Dakta cewa ta yi kai ne da gaskiya. Sabuwa ce, babu irinta. Sunanka za su sa mata. Macen kawai suke jira. Kuma an share rafin, babu sauran bishiya. Waɗannan ne na ƙarshe."

Da zan iya tsayawa a kan kai ne da gaskiya. Ban tsaya ba. Na kai har ƙarshe, dalla-dalla.

Ya ɗaga hannunsa ya kalli tafin. Sautin da ya yi ba zan rubuta shi ba. Ba to ba ne.

Tun ɗazu nake tambayar kaina ko nadama ce ta sa na faɗa, ko kuwa na ga wuri ne da ban soka ba tukuna.

Talata, 6:00 na yamma

Na ɗaga shi na mayar gado, na wanke masa hannu da sabulu. Na share ɗakin, na goge simintin, na ƙone sharar a bayan gida. Ɗakin ya yi fes.

Laraba 26, 11:00 na safe

Dakta ta zo ba ta kira ba, ta ce ruwa ya yi mako, ta kasa haƙuri. Na tare ta a falo na ce Baba ya faɗo daga gado a kan kejin. Ta dafa bango.

"Duka? Anti, ko murjajje ne ina so. Ko ciki ɗaya, ko fiffike ɗaya. Zan iya aiki da shi."

Na ce na share, na ƙone.

"Kin ƙone."

"Ban san yana da amfani ba."

Ta ce littafin fa? Na nuna mata shi a kan taga, ya kumbura, shafukan sun manne. Ta ɓamɓare ɗaya da hantsaki. Shuɗi ne kawai.

Wannan karon ba ta nemi izini ba, ta shige ɗakin. Ta durƙusa gaban gadon ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Hatsari ne, ba laifinka ba ne. Kai ne da gaskiya tun farko, Anti ta gaya maka ai. Zan rubuta abin da ya samu, ko shafi biyu ne. Sai dai ba mace, ba tsutsa, ba wurin da za a je a duba, ban sani ba ko za su karɓa." Tana magana tana kuka.

Shi ba ita yake kallo ba. Ta saman kanta yake kallona, ina tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ka ji, Baba?"

Ya ce, "To."

Alhamis 27, 1:20 na rana

Ya ci abinci. Ya cinye tas, ya buɗe baki a ƙara.

Asabar 29, 2:00 na rana

Mun je asibiti. Likita ya yi mamaki, ya ce jini ya daidaita, zuciya kamar ta saurayi, in aka ci gaba da irin wannan kulawa zai iya shekara goma, har fiye. Ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi.

Auta ya kira ya ce ba za a ba shi hutu ba sai baɗi. Ya ce, "Yaya, ban san yadda zan gode miki ba."

Yanzu Baba ba ya kallon akwatunan, ba ya kallon bango. Ni yake kallo. In ina ba shi abinci, in ina goge shi, in na wuce ta ƙofa. Yana taunawa a hankali, idonsa a kaina. Na san kallon. Haka yake yi wa abu kafin ya ɗauko fil.

Lahadi 30, 12:10 na rana

Mai motsa gaɓoɓi ya ƙwala min kira daga ɗakin, na bar keke na shiga da gudu. Yana ta washe baki.

"Zo ki ga abin mamaki! Na ce bari in gwada shi da fensir a hannun hagu. Wasu sai sun yi wata shida ba su riƙe ba. Dubi!"

Ya ɗora masa takarda a kan faranti. Baba ya riƙe fensirin a dunƙule kamar ɗan aji ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ja layi a tsaye, karkatacce. Ya ja biyu a gefe. K. Ya huta, ya yi numfashi. Sannan ya koma saman harafin a hankali ya yi masa lanƙwasa.

"Ƙ!" in ji mai motsa gaɓoɓi. "Har da ƙugiya! Me kake so ka ce, Baba? Ƙafa? Ƙafar ke ciwo? Ƙishirwa?"

Baba bai ce to ba. Ya ɗago ido ya dube ni.

"Kada ki damu, zai fito da ita. Yadda ya ɗauko da zafin nan, nan da wata biyu zai rubuta duk abin da ke ransa, har wasiƙa ya aika wa ɗansa. Amma sai an dage kullum, safe da yamma. Ke za ki riƙa zama da shi kina riƙe masa takardar."

Ya miƙo min fensirin ya ce bakin ya dakushe, in fiƙe kafin yamma.

Na fiƙe.